Tambaya da Amsa: 'Yata 'Yar Shekara Tara Ta Fara Kirgen Dangi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, babbarsu mace ce, shekararta 9 da wata 4, tana aji huɗu na firamare. Tun bayan ƙaramar salla na lura ta fara kirgen dangi, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tasowa, kuma tana cewa wurin yana yi mata zafi idan ya bugu. Ga tsawo da ta yi farat ɗaya, har kayan makarantarta sun ɗage mata. Ni sai da na shekara 14 na fara ganin al'ada, shi ya sa hankalina ya tashi. Kakarta ta wajen uba ta ce kada a faɗa mata komai, wai buɗe mata ido ne, idan lokacin ya zo za ta gani da kanta. Ni ma a gaskiya nauyin maganar nake ji, domin 'yar fari ce, ko sunanta ba na kama wa. Shin wannan ciwo ne da ke buƙatar asibiti? Yaushe zan sa ran za ta fara al'ada, kuma ta ina zan fara yi mata bayani?

Wata uwa, daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su bisa tafarki na gari. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika bayyana ba alamar ciwo ba ce. Likitocin yara sun ɗauki shekara 8 zuwa 13 a matsayin zangon da jikin 'ya mace kan fara sauyawa, saboda haka 'yarki tana cikin zangon, sai dai tana sahun farko. Abin da ke faruwa shi ne, wani ɗan ƙaramin sashe da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ya fara aika saƙo ta cikin jini zuwa ma'ajiyar ƙwai biyu da ke gefen mahaifa, su kuma suka fara fitar da sinadarin da ake kira istirojin, wanda shi ne ke tayar da ƙirji, ya buɗa ƙugu, ya miƙar da ƙashi, daga bisani ya shirya mahaifa. Tasowar ɓangare ɗaya kafin ɗaya da ɗan zafin da take ji duk abu ne da aka saba gani, kuma sukan daidaita da kansu. Kada a matsa wurin, kada a ɗaure shi tamau, kada kuma a ɗora masa wani abu mai zafi. A wasu yankunan Kamaru akwai masu danne ƙirjin yarinya da dutse ko muciya da aka gasa domin su hana shi fitowa, abin da yake jawowa kuwa shi ne ƙuna da gyambo da lalacewar nama, balagar kuma ba ta fasa zuwa.

Game da bambancin da kika gani tsakaninki da ita, ba a gidanku kaɗai ake ganinsa ba. Wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama daga 1977 zuwa 2013, ya nuna cewa shekarun fara kirgen dangi suna raguwa da kusan wata 3 a kowace shekara 10. Gado yana da tasiri, na wajen uwa da na wajen uba, haka ma abinci da nauyin jiki, domin yarinya mai ƙiba takan riga tsararrakinta.

Al'adar farko takan zo ne kimanin shekara 2 zuwa 2 da rabi bayan fara kirgen dangi. Idan aka bi wannan lissafi, za ki iya sa rai tsakanin shekararta ta 11 da ta 12, ko da yake tana iya gaggawa. Kafin nan za ki ga gashi ya fara fitowa a hammata da mara, gumi ya canza wari, ƙuraje sun ɗan feso a fuska. Alamar da ta fi nuna kusantowar lokacin ita ce farin ruwa marar wari da marar ƙaiƙayi da za ki riƙa gani a ɗan kamfanta, wanda kan bayyana wata 6 zuwa shekara ɗaya kafin jinin. Kina da lokacin shiri ke nan, amma ba mai yawan da za a yi ta jinkiri ba.

Yanzu sai maganar kakarta, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, domin haka aka rene ta, haka aka rene mu. Amma ni shaida ce a kan abin da wannan shiru yake haifarwa. Ranar da na fara ganin jini ina 'yar shekara 12, ban san ko mene ne ba, na ɗauka wani mugun ciwo ne ya kama ni, kuma tsoron kada a ce na aikata wani abu ya sa na yi wata biyu ina ɓoyewa, ina yagar tsohon zane ina wankewa da dare ina cusawa ƙarƙashin katifa da damshinsa. Ina tsayawa salla a haka domin kada a tambaye ni dalili. Wata yayata ce ta gano, kuma har yau ina tuna yadda jikina ya yi sanyi da ta ce mini ai kowace mace tana yi. Yarinyar da ba a faɗa mata komai ba ba ta zama cikin rashin sani, sai dai ta samo bayanin daga ƙawayen aji, ko daga wayar wani, kuma abin da za ta samo a can ya fi abin da kakar ke gudu muni nesa ba kusa ba.

Addininmu ma bai goyi bayan wannan shiru ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Lokacin da al'ada ta zo mata a hanyar aikin Hajji, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya same ta tana kuka, sai ya lallashe ta da cewa wannan abu ne da Allah ya rubuta wa 'ya'yan Adamu mata. Ki kai wa kakar waɗannan hadisai cikin ladabi, ko ki roƙi mahaifin yarinyar ya kai mata, ki kuma tuna mata cewa da zarar jinin ya zo alƙalami ya hau kan jikarta, ba kuwa zai yiwu ta kiyaye hukuncin abin da ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Kunyar 'yar fari kuma al'ada ce mai daraja a wurinmu, ba zan ce ki watsar da ita ba. Sai dai iyayenmu da suke kawar da kai daga ɗan fari suna zaune ne a babban gida, inda gwaggo ko inna ko kaka take ɗauke musu wannan nauyi, sau da yawa ma a hannunsu 'yar fari take tashi. Yau yawancinmu daga mu sai 'ya'yanmu a gida, idan uwa ta yi shiru to babu mai magana. Idan kin ga bakinki ba zai iya buɗewa ba, ki zaɓi ƙanwarki ko wata gwaggonta mai hankali da riƙon sirri ta fara, amma ki kasance a wurin, ko ki biyo baya da kalma ɗaya da za ta nuna mata kin sani kuma ƙofarki a buɗe take. Dalili shi ne, ranar da abin zai zo da tsakar dare, ke ce a gidan, gwaggo tana can nata gidan.

Ba sai kin zaunar da ita kamar za a yi shari'a ba. Magana takan fi sauƙin fita idan hannu yana aiki, misali lokacin da kike yi mata kitso, ko kuna tsintar shinkafa, ko kuna ninke wanki, inda ba dole ne ku haɗa ido ba. Ki fara da abin da ita ma ta riga ta gani, ki ce mata: “Kin ga ƙirjinki ya fara tasowa, haka Allah yake yi wa kowace mace idan tana girma, ni ma haka na yi. Nan gaba akwai ranar da za ki ga jini kaɗan a wandonki. Ba ciwo ba ne, ba rauni ba ne, ba kuma laifi kika yi ba. Yana zuwa ne duk wata na 'yan kwanaki ya ɗauke. Duk ranar da kika gani, ko ina barci ki tashe ni.” Wannan ya isa a karon farko. Bayan mako ɗaya ko biyu ki sake taɓo maganar, ki nuna mata audugar mata, ki buɗe ɗaya a gabanta, ki bar ta ta manna a ɗan kamfai da hannunta. Idan ta tambayi daga ina jinin yake fitowa, ki faɗa mata gaskiya daidai hankalinta, cewa mahaifa tana shimfiɗa wani laushin bango a cikinta kowane wata, idan ba a buƙace shi ba sai ya zubo.

Akwai jumla ɗaya da nake roƙonki kada ki furta, duk da cewa da ita aka tarbi yawancinmu, wato: “Daga yau ko hannunki namiji ya taɓa kin yi ciki.” Maganar ba gaskiya ba ce, kuma tana da illa ta fuska biyu. Yarinya mai saurin tsorata za ta shiga firgici duk lokacin da ta gogi wani a Adaidaita Sahu ko a layin makaranta, mai wayo kuma za ta gano ƙarya ce, daga nan ta daina yarda da sauran abin da kike faɗa mata. Abin da ya fi wannan muni shi ne, idan wani ya cutar da ita, tsoro zai hana ta faɗa. Abin da take buƙatar ji shi ne, jikinta amanarta ne, babu wanda yake da izinin taɓa ƙirjinta ko al'aurarta ko ya nemi ta nuna masa, ko malami ne, ko maƙwabci, ko ɗan'uwa na cikin gida, kuma idan hakan ta faru ta zo ta faɗa miki, ba za ki doke ta ba, ba za ki ɗora mata laifi ba. Wannan ya fi zama wajibi a kan yarinyar da jikinta ya riga shekarunta, domin idanu kan fara binta alhali tunaninta na 'yar aji huɗu ne.

Ki riƙe wannan da kyau, har yanzu yarinya ce. Jikinta ne ya yi gaba, hankalinta yana nan a shekara 9. Kada a hana ta wasan 'yar gala-gala da tsalle-tsallenta da sunan ta girma, kada kuma a jibga mata aikin gida fiye da ƙarfinta. Ki saya mata 'yar shimi ta auduga mai ɗan kauri da za ta sa a ƙarƙashin kayan makaranta, domin yara da yawa kan fara tafiya a duƙe suna ɓoye ƙirji. Ki kuma taka wa masu tsokana birki, ko da abokan wasa ne ko kakanni, masu cewa “an zama 'yan mata, saura miji.” Babba yana ganin raha ce, ita kuwa takan sa ta ji kunyar jikinta har ta tsane shi. Za ki ga saurin fushi da kuka ba dalili a wasu ranaku, wannan ma aikin sinadaran ne, haƙuri yake so fiye da tsawa.

Da zarar kin fara ganin farin ruwan nan, ki haɗa mata ƙaramar jaka da za ta zauna cikin jakar makarantarta, mai ɗauke da auduga biyu, ɗan kamfai ɗaya da leda. Ki nuna mata malama mace ɗaya a boko da ɗaya a Islamiyya da za ta iya zuwa wurinsu, ki kuma faɗa mata cewa idan ya ɓata mata kaya, ta saki hijabinta ya rufe ko ta ɗaura rigar sanyi a ƙugu, ba abin kuka ba ne. Ki sanar da ita cewa jinin farko sau da yawa ba ja wur yake zuwa ba, yakan zo ne ɗigo-ɗigo mai launin ƙasa, domin yara da yawa ba sa gane shi. Ranar da ta zo miki da labarin, fuskarki za ta fara kallo kafin ta ji maganarki, saboda haka kada ki yi salati da sallallami kamar an yi rashi. Ki ce mata madalla da ta faɗa miki, ki taimaka mata ta gyara jikinta, ki kuma bar labarin tsakaninku da mahaifinta, ba sai dangi sun ji ba.

Ana canza auduga duk bayan awa 4 zuwa 6 ko da ba ta cika ba, a naɗe ta a leda a jefa a shara, kada a jefa a masai na ruwa domin tana toshe shi. Idan kuɗin auduga ya yi nauyi, ƙunzugu ba abin kunya ba ne, matuƙar ƙyallen auduga ne mai tsabta da aka keɓe don haka, ana wanke shi da sabulu, ana shanya shi a rana ya bushe ƙarau, ko a bi shi da dutsen guga. Ɓoye shi da damshi ne ke kawo ƙaiƙayi da wari. Wanka kullum ba ya hana jini fita kuma ba ya jawo ciwo. Ruwa mai tsabta ya wadatar wajen tsarki, daga gaba zuwa baya, ba tare da cusa sabulu ko turare ko wani haɗi a ciki ba.

A shekara biyun farko al'ada ba ta cika tsayawa a kan lissafi ba, domin jiki bai daidaita sakin ƙwai ba tukuna. Tana iya zuwa wannan wata ta tsallake na gaba. Tazarar kwana 21 zuwa 45 tsakanin wata al'ada da wata duk daidai ce a wannan zango, jinin kuma kan ɗauki kwana 2 zuwa 7, kuma duk yawan da ake ganin ya yi, a mafi yawan mata bai wuce cokalin cin abinci 2 zuwa 3 ba. Ki ba ta ƙaramin littafi ta riƙa rubuta ranar farawa da ranar ɗaukewa, zai amfane ta wajen ibada da wajen likita. Ciwon mara yana zuwa ne daga matsewar da mahaifa ke yi, kuma gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul aka ɗora a mara tana sauƙaƙa shi, haka ma ɗan tattaki. Idan bai lafa ba, farasitamol ko ibufurofen gwargwadon nauyinta suna taimakawa, sai dai ibufurofen bayan cin abinci ake shansa, kuma mai gyambon ciki ko asma ko sikila ko ciwon ƙoda sai da izinin likita. Kada a ba ta asfirin a wannan shekaru, ban kuma ba da shawarar jiƙon kanwa ko haɗe-haɗen da ba a san adadinsu ba. Ki ƙara mata abinci mai gina jini, irin su hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo, tare da lemo ko gwaiba, a kuma raba shan shayi da lokacin cin abinci domin yana rage abin da jiki ke tsotsa na sinadarin ƙarfe.

Hukunce-hukuncen ibada suna nan a taƙaice cikin Ahalari da ake karantawa a Islamiyyunmu. Mai haila ba ta salla, ba ta azumi, tana rama azumi amma ba ta rama salla, kuma ya halatta ta yi karatun Alƙur'ani da ka. A mazhabar Malikiyya, mafi tsawon kwanakin da mai farawa za ta ƙirga a matsayin haila shi ne 15. Ki koya mata alamar tsarki, wato bushewar wurin ko fitowar farin ruwa a ƙarshe, ki kuma nuna mata wankan tsarki a aikace tun kafin ta buƙace shi. Ki sa ta fahimci cewa barin salla a kwanakin nan bin umarnin Allah ne, kuma jikinta bai zama najasa ba, tana iya girki, ta ci abinci da kowa, ta yi zikiri da addu'a. A kuma hana ƙannenta tuhumarta a kan dalilin rashin salla ko cin abinci da rana a watan azumi.

Ki kai ta asibiti idan jinin ya wuce kwana 7, ko yana jiƙe auduga duk bayan awa ɗaya ko biyu, ko tana jiri da haki idanunta sun yi fari, ko ciwon mara yana hana ta zuwa makaranta duk da magani, ko al'adar ta ɗauke sama da wata 3, ko kuma ruwan da ke fita ya zama mai wari da ƙaiƙayi. Tun da kuma ta kai shekara 9, ki tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa game da rigakafin cutar dajin bakin mahaifa, wanda Najeriya ta fara bai wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta tun watan Oktoban 2023.

TAMBAYA

Anti, barka da aiki. Matata ta rasu bara, ta bar mini yarinya 'yar shekara 6 da rabi. Ƙanwata da ke yi mata wanka ta ce ƙirjinta ya fara tasowa, kuma sau ɗaya ta ga ɗigon jini a wandonta. Wasu sun ce girman jiki ne kawai. Me ya kamata in yi?

Wani uba, daga Gusau

AMSA

Malam, Allah ya jiƙan mai ɗakinka, ya ba ka ikon riƙon wannan amana. Amsarka ta bambanta da ta sama, domin duk alamar balaga da ta bayyana a jikin yarinya kafin ta cika shekara 8 tana buƙatar likita ya duba, kuma ina ba ka shawarar kada ka wuce wannan mako. Ka nemi likitan yara a babban asibiti, idan ya ga da buƙata zai tura ku asibitin koyarwa, kamar na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Akan auna tsawonta da nauyinta, a ɗauki hoton ƙashin hannunta domin a ga ko ƙashin ya riga shekarunta, a gwada jini, a yi hoton mara, wani lokaci har da na ƙwaƙwalwa. A mafi yawan 'yan mata ba a samun wata muguwar cuta a bayan abin, kuma akwai allurar da ake yi duk wata ko duk wata 3 da ke dakatar da balagar har lokacinta ya yi. Amfanin gaggawa shi ne, balagar da ta zo da wuri haka tana rufe ƙashi da wuri, sai yarinya ta fi tsararrakinta tsawo yanzu amma ta ƙare gajeriya, ban da nauyin da abin ke ɗora wa zuciyar ƙaramar yarinya.

Ɗigon jinin kuma kada a yanke cewa al'ada ce kafin a bincika. Yana iya fitowa daga rauni, ko ƙwayar cuta, ko wani abu da yarinya ta cusa cikin wasa, ko tsargiya idan tana shiga rafi ko kududdufi, kuma dole ne likita ya tabbatar babu wanda ya taɓa ta. Ka bar ƙanwarka ta tambaye ta a hankali, ba tare da tsawa ko tsoratarwa ba. Ranar zuwa asibiti ku tafi tare da ita ƙanwar taka, tun da ita ta ga alamun, ku riƙe katin rigakafin yarinyar, da duk wani magani ko man shafawa ko man gashi da ake amfani da shi a jikinta, domin wasunsu suna ɗauke da sinadaran da ke iya tayar da ƙirjin yara, kuma likita zai so ya gan su da idonsa.